Kunyar Ɗan Fari

Ranar da aka sallamo Ikilima daga asibiti a Kazaure, ni ce na riƙe jaririn, don ita ba za ta ɗauke shi a gaban mutane ba. Ɗan fari ne. A gidanmu, kamar sauran gidajen Fulanin da suka yi zamansu a ƙauyukan Gwiwa, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ko kuka yake yi sai ta kau da kai har wani ya miƙo mata shi. Uban ma haka. Ni Bahijja matar wan mijinta ce, shekarata tara a gidan, kuma ni ma haka na yi wa tawa 'yar farin. Ban taɓa ganin aibin abin ba sai a kan wannan yaro.

Wata bakwai da 'yan kwanaki ya yi a ciki ya fito. Ba a ma kai ga mayar da Ikilima gidan iyayenta a Babura goyon ciki ba, naƙuda ta kama ta tana shanyar kuɓewa. Kwana goma sha shida ya yi a asibiti cikin akwatin gilashin nan da ake sa bakwaini, an ɗaure masa idanu an kunna masa shuɗiyar fitila saboda shawara. Yana can aka yanka ragonsa a gida, aka raɗa masa Muhammadu Lawal, sunan marigayi kakansa.

Kafin mu fito, nas ɗin da ke kula da ɗakin jarirai ta tsare mu a bakin ƙofa, ni da Ikilima da mijinta Jalaluddeen, wanda muke kira Jalalu. Malama Ummi Kulsum sunanta, wata Babarbariya mai faɗa, ba ta san rufa-rufa ba.

"Ku buɗe kunnenku, musamman kai uban yaro," in ji ta. "A watannin ƙarshe jariri yake tara guzurinsa a cikin uwa. Wannan bai jira ba, ya fito hannu rabbana. Fitilar nan kuma da ta kore masa shawara tana cinye wani bitamin a jiki, B2, mu riboflabin muke ce masa. In ya rasa shi, gefen bakinsa zai tsage, harshe ya yi ja, ya kasa tsotso. Bakwaini kuwa in ya kasa tsotso, ba shi da ƙarfin jira."

Ta ɗaga wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa ta nuna mana.

"Wannan haɗin bitamin ne na ɗigawa. Kullum da safe, iya layin nan. A ajiye shi inda rana ba ta taɓawa. Zai sa fitsarinsa ya yi rawaya kamar garin ɗorawa, kada wanda ya tsorata, ba shawara ba ce, ragowar maganin ce take fita. Ita kuma uwar ta sha nono, ta ci ƙwai da hanta da zogale, a rage mata kanwa. Abin da ta ci shi yaro zai samu. Bayan mako biyu ku dawo mini da shi in auna. Ka ji ni?"

Jalalu yana kallon takalminsa ya ce, "Na ji, Malama."

Ya ji. Ina so a riƙe wannan, don da kunnuwansa biyu ya ji, ina tsaye kusa da shi. Ikilima kuwa bango take kallo kamar ɗan maƙwabta ake magana a kai, amma da muka fito neman abin hawa na ji tana maimaita maganar a ƙasan maƙoshi: nono, ƙwai, hanta, zogale.

Inno, surukarmu, ita ta tare mu a ƙofar gida da guɗa. Ba zan ce muguwa ce ba, don in na faɗa na yi ƙarya, kuma da muguwar ce da abin ya fi mini sauƙin haɗiyewa. Ta karɓi yaron tana cewa, "Maigidana ya dawo, ka yi gaggawa, angona, wa ya kore ka?" Nan take ta yanke cewa wannan ɗan tsurut ba zai jure hanyar Babura ba, ita za ta yi wa Ikilima wankan jego da kanta, ita za ta kula da jikanta.

Aka shiga wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya. Kunun kanwa kofi biyu kafin hantsi, kofi biyu bayan la'asar, tuwon gero da miyar kuka wadda yaji ya fi kukar yawa. Naman suna kuwa tun Ikilima tana asibiti aka rabe shi, ko ƙanshin hantar ba ta ji ba.

Marka ce lokacin, shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, ƙwarya huɗu ake tatsa kowace safiya a gidan nan. Zabi suna ta zuba ƙwai a bayan rumbu. Na cika ƙoƙo da madara na nufi ɗakin Ikilima, sai Inno ta tare ni a tsakar gida.

"Ina za ki da wannan?"

"Mai jego zan kai wa, Inno. A asibiti aka ce ta riƙa sha."

"Mai jego ba ta shan sanyi. So kike sanyi ya shige ta, ya bi nono ya kama mini miji?"

"To bari in tafasa mata."

"In an tafasa shi ya daina zama nono ne? Sanyinsa a cikinsa yake. Mayar."

Da na ambaci ƙwai, dariya ta yi, ta ce ba a gidanta za a raini yaro mai ɗauke-ɗauke ba. Na mayar da madarar ƙwarya, da rana aka kai ta kasuwa da sauran.

Maganin dai kwana uku ya samu. A rana ta huɗu Inno tana wanke tsummokaran yaron, don ita take wankewa, ba ta yarda kowa ya taɓa, sai na ji salatinta daga bayan ɗaki. Ta fito riƙe da farin tsumma, tsakiyarsa rawaya.

"Ku zo ku gani! Shawarar da aka ce ta warke, ga ta nan tana fita a fitsari. Ashe abin da kuke ɗura masa ne yake dawo da ita."

Na ce, "Inno, wallahi an gaya mana haka zai yi. Maganin ne yake rina fitsarin. Dubi idonsa, fari ne tas, ba shawara."

"Ke za ki koya mini shawara? 'Ya'ya takwas na haifa, na wanke jikoki goma sha ɗaya. Don kin yi 'yar sakandare?"

Na ce a tambayi Jalalu, ai yana wurin. Aka kira shi daga turke, ya zo ya tsuguna nesa da uwarsa. Ikilima tana bakin ƙofar ɗakinta, kanta a ƙasa, tana murza bakin zanenta. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa.

Inno ta ce, "Kai, wai an ce haka a asibiti?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, ya ce, "Inno, ai ke kika san yara. Yadda kika gani."

Inno ta shiga ɗakin Ikilima ta ɗauko kwalbar, ta juye ta a gindin zogalen bayan gida.

Da yamma na same shi yana ɗaure maruƙa. Ƙanin miji ne, akwai wasa tsakaninmu, amma ranar ba wasa na je yi ba.

"Jalalu, kurma ne kai ranar da Malama take magana?"

"Matar yaya, don Allah bar ni. In ce me? In tsaya gaban Inno ina jayayya a kan ɗana na fari? Gobe gari ya ɗauka, a ce Jalalu ba shi da fulako, ba shi da kunya, ya haihu jiya yana rawar kai."

"To a ce. Bakin mutane ne zai shayar da shi?"

"Ai Inno ba za ta cuce shi ba," in ji shi, ya ja igiyar maraƙi ya bar ni tsaye.

Daga ranar Inno ta kama maganin shawarar da babu ita. Kowace safiya sai ta tuɓe yaron ta shimfiɗa shi a cinyarta cikin rana, ta ɗura masa jiƙon sassaƙe da ɗan cokali. Fitsari ya koma fari, ta yi ta nuna wa matan da ke zuwa barka, tana cewa ga shi nan ta kore abin da likitoci suka kasa.

Bayan kamar kwana goma, na ga abin da Malama ta faɗa yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar tana tsaye tana karanto mana. Gefen bakinsa biyu suka tsage suka yi ja. Leɓɓansa suka bushe. In ya buɗe baki yana kuka, harshen ja wur, sumul, babu ɗan farin nan na jarirai. Ya kama nono ya ja sau biyu, ya saki ya tsandara ihu, ya sake nema da baki, ya sake saki. Ikilima ma nata bakin ya tsattsage, har in ta kai lomar tuwo mai yajin nan sai hawaye ya cika mata ido. Inno ta duba su duka biyun ta ce zafin jego ne yake fita, alamar wanka yana kama jiki ke nan, a ƙara kanwa.

Ranar komawa asibiti ta zo. Na tuna wa Inno tun da sassafe.

Ta ce, "Mai jego ta taka titi kafin arba'in? Ba a gidan nan ba. In ta yi arba'in ku je duk inda za ku je."

"To ni in kai shi, in dawo da shi kafin azahar."

"Wa zai ba shi nono a hanya, ke?"

Na kai maganar wurin maigidana, tunda shi ne babba a gidan bayan rasuwar mahaifinsu. Yana shirin fita gona ya ce, "Ɗanki ne? Uwarsa ta yi shiru, ubansa ya yi shiru, sai ke uwar iyawa. Maganar jego ta mata ce, ba ni shiga."

Haka kowa ya samu inda ya laɓe. Maza suka ce ta mata ce. Uban ya ce kunya. Uwar an riga an ɗinke mata baki tun kafin ta haihu. Wadda aka bar wa magana ita kaɗai ce ba ta ji bayanin asibiti ba, kuma ba ta da niyyar ji.

Ranar kasuwar Gwiwa na ɗauki kwalin maganin da na tsince a shara, na ɓoye shi a ƙasan ƙwaryar man shanu. Na nuna wa mai kemis, ya ba ni irinsa. Kowace safiya in Inno ta tafi turke wajen tatsa, sai in faɗa ɗakin Ikilima in ɗiga masa. A nan na ga abin da ba wanda ya gani a gidan. Da zarar labule ya sauka, sai yarinyar nan ta fizgi ɗanta ta manna shi a ƙirji, tana shinshinar kansa, tana ƙirga 'yan yatsunsa, tana cewa, "Sha, don Allah sha, kaɗan kawai." Da ta ji takun Inno sai ta ajiye shi ta juya masa baya.

Na san fitsarin zai tona mu, na yi ta ƙoƙarin riga Inno ga tsummokaran. Kwana uku na yi nasara. A na huɗu ta same su kafin ni.

Ba ta yi ihu ba a wannan karon. Ta tara gidan, ta ajiye tsumman a tsakiya, ta ce akwai mai neman ran jikanta a gidan nan. Na ce ni ce, na kuma sake faɗin abin da Malama ta ce, kalma bayan kalma. Ba wanda ya dube ni. Maigidana ya ce in na ƙara sa hannu a abin da ba nawa ba, in haɗa kayana in tafi gidan ubana a Roni, 'ya'yana uku kuma a nan za su zauna. Inno ta naɗe shimfiɗar yaron ta mayar da shi ɗakinta. Daga ranar sai lokacin shan nono ake kawo wa uwarsa shi, Inno tana zaune tana kallo, a gama ta ɗauke abinta.

Ni kuma na yi shiru. Ba zan yi wa kaina ado ba, tsoro na ji. Na dubi 'ya'yana uku na dubi ɗan wata, na zaɓi nawa. Har yau in na tuna, sai in ji na tsani kaina tare da su duka.

Kukansa ya riƙa sirancewa. Da farko har turke ake jin sa, daga baya sai ka matsa bakin ƙofar Inno. Fatar cinyarsa ta saki, tafin hannunsa ya yi fari fat. Ƙirjin Ikilima ya cika ya yi tauri saboda ba a sha, tana matsewa a ƙoƙo tana zubarwa a bayan ɗaki. In na shiga kai mata kunu sai ta riƙe mini hannu.

"Yaya, yaron Inno ya yi shiru tun ɗazu. Barci yake?"

"Barci yake."

"Kin leƙa?"

"Na leƙa."

"Yana numfashi dai?"

A kwana na talatin da shida ta yi abin da ban taɓa ganin wata ta yi a gidan ba. Mata huɗu suna zaune a tabarma sun zo duba mai jego, ta fito ta durƙusa gaban Inno.

"Inno, don girman Allah a kai shi asibiti. Ba ya shan komai. Tun jiya bai jiƙa tsumma ba."

Sai wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Ɗan fari?" Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta ce 'yan matan yanzu idonsu a tsaye yake.

Inno ta ce, "Yau na ga abin da ya ishe ni. Ni za ki nuna wa son ɗa? A gaban baƙi? Kwana huɗu ya rage ki yi arba'in, kwana huɗu kacal, ba za ki iya riƙe mutuncinki ba? Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Ta koma ɗaki tana haɗa hanya kamar wadda aka kama da sata.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, Inno da kanta ta fito da yaron a hannu, fuskarta ta sauya. Jikinsa ya yi sanyi, ido a lumshe, ko kukan babu. Ta ce wa Jalalu ya tayar da babur. Ikilima ta fito da hijabinta a hannu, Inno ta ce ta koma, saura kwana biyu. Ni aka miƙa wa shi. Na sa shi cikin rigata, fatarsa a jikin fatata, muka kama hanyar Kazaure cikin taɓo.

Malama Ummi Kulsum ta gane mu tun daga nesa. Ta ɗora shi a sikeli, ta duba katinsa, ta sake duba sikelin. Bai kai nauyin da aka sallame shi da shi ba. Ta buɗe bakinsa da ɗan yatsa ta ga harshen, sai ta juyo kan Jalalu.

"Ina maganin da na ba ku?"

Jalalu ya sunkuyar da kai.

"Ba kai na ce ka buɗe kunne ba? Mako biyu na ce. Yau kwana nawa?"

Suka sa masa ruwa, suka mayar da shi akwatin gilashi, suka yi ta kai da kawo. Likita ya ce mana ba rashin bitamin kaɗai ba ne, amma daga nan abin ya faro: baki ya yi ciwo ya bar tsotso, jini ya yi ƙasa, jiki ya rasa ƙarfi, sai cuta ta shiga jinin. Ya ce da an kawo shi ko mako guda da ya wuce, da wata maganar ake yi. Ana kiran la'asar Muhammadu Lawal ya cika, uwarsa tana can ƙauye tana jiran ruwan wankan yamma.

A hanyar dawowa, da muka bar gari muka shiga tsakanin duwatsu, Jalalu ya tsayar da babur. Ya duba gaba ya duba baya, babu kowa. Ya kifa kansa a kan babur ɗin ya yi kuka kamar ransa zai fita, ni ina zaune a baya da gawar ɗansa a hannu. Ban ba shi haƙuri ba. Da ya ji ƙarar wata mota tana tahowa, ya share fuska da hularsa ya tayar muka wuce.

Washegari gida ya cika da masu gaisuwa. Na zauna ina raba ruwa ina jin yadda ake wanke kowa tas. Bakwaini dama baƙo ne, bai zo da niyyar zama ba. Kwanansa ne ya ƙare. Inno ta yi iya yinta, tsohuwa ba ta runtsa ba. Inno kuwa kuka take yi na gaske, har muryarta ta dushe, tana cewa shawara ce ta ci mata miji, da ba a yi ta ba shi abu a ɓoye ba da yanzu yana nan. Tana faɗa tana kallon inda nake. Na yarda rai na Allah ne, ban taɓa musu ba. Amma ba Allah ne ya juye maganin a gindin zogale ba, ba shi ne ya tare ƙoƙon madara a tsakar gida ba, ba kuma shi ne ya ce saura kwana huɗu ba. Mu ne muka yi, a gidan da ake tatsar ƙwarya huɗu.

Ikilima tana zaune a ƙuryar ɗaki, idonta a bushe, gaban rigarta sharkaf da nono. Duk wadda ta ce mata ya haƙuri sai ta ce, "Da godiya," ta sunkuyar da kai. Matan suka yi ta yaba ta. Tsohuwar nan da ta riƙe haɓa rannan ita ce ta fi kowa, tana cewa ashe yarinyar akwai kunya, ko ɗigon hawaye ba ta zubar wa ɗan fari ba. Mahaifiyarta da ta zo daga Babura ta gyara mayafi ta ce, "Haka na raine ta."

Gab da magariba tabarmi suka yi sauƙi, aka raka na rakawa. Na shiga ɗakin Ikilima in kwashe kofuna. Tana nan yadda na bar ta tun safe.

Ta ce, "Yaya, sun tafi?"

"Sun tafi."

"Duka?"

"Duka. Inno tana alwala, innarki tana wajenta."

"To ja mini ƙofar."

Na ja ƙofar na jingina da ita. Ta jawo bakin zanenta ta dunƙule, ta cusa a baki ta cije, don kada a ji a tsakar gida. Sannan ta fara.